Ya Hau Sama Duba

Kalma ɗaya ce ta raba ni da gidan da na shekara biyu a cikinsa a unguwar Madinatu Nasr da ke Alƙahira, kuma har gobe ban ga laifina ba.

Mu shida ne a gidan, duk ɗalibai daga arewa. Na ɗauki darasin falaki, wato ilimin tafiyar rana da wata da lokutan salla, sai abin ya shiga raina. Na je kasuwar Ataba na sayo tsohon madubin hangen nesa, ido ɗaya ma ya dushe. Da an idar da magariba sai in haye saman bene, in raɓe tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Sararin Alƙahira rowa gare shi, fitilu sun cinye taurari. Amma Zara tana fitowa, babban tauraron nan Mushtari ma haka. In na kafa gwiwar hannu a katanga na riƙe numfashi, har 'yan watanninsa nake gani a jere kamar ƙwayar gero.

Ran nan na bar wayata a caji. Innata ta kira daga gida, abokin ɗakina ya ɗauka. Ta ce ina nake? Shi kuma bawan Allah, baki ba linzami, ya ce, "Inna, ya hau sama duba. Ai kullum sai ya yi."

Duba! A garinmu in an ce mutum yana duba, to ƙasa yake bugawa, yana gaya wa mutane wanda ya yi musu asiri. Inna ta tura ɗa karatun addini, an ce mata ya zama boka. Kafin in sauko ta kira babbanmu a gidan ɗaliban, wanda muke ce wa Malam, shi ta damƙa wa amanata tun zuwana.

Malam ya tara mu a falo. Ya ce, "Ka kawo madubin nan, ka tuba a gaban 'yan'uwa, khalas, magana ta mutu. In ba haka ba, ka nemi wani gida."

Na ce, "Allah gafarta Malam, falaki nake karantawa, ba bokanci ba. Ka fi ni sanin bambancin."

"Na sani," in ji shi. "Amma mutanen gida ba su sani ba."

Wannan "na sani" ita ta ƙona min rai. Ka sani, amma in tuba? Na ce mu hau tare ya sa idonsa, ya ce ƙafarsa ba ta zuwa wurin shubuha. Na nuna masa takardar lokutan salla da ke manne a jikin firji, na ce masu kallon saman nan su suka lissafa ta, kuma da ita yake buɗa baki duk azumi. Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Wallahi ban miƙa madubin ba.

Na kira Inna, tana kuka. Na ce, "Inna, in na miƙa na tuba, na amsa sunan boka da bakina kenan, har abada." Ta kashe waya.

Na kwashe kayana na koma wani ɗan ɗaki da ban san kowa ba, madubina rataye a wuya, kowa na gani. Mako uku Inna ba ta ɗauki kirana ba. Ba zan ɓoye ba, na ji zafi, na rame, abinci ba ya shiga. Amma ban fasa hawa ba.

Ƙanwata ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Wata maƙwabciyarmu ta shigo da goro ƙulle a bakin zane, wai akuyarta ta ɓata, a taimaka a sa malamin Masar ya duba mata. Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta miƙe tsaye.

"Ɗauki goronki! Ɗana ba ya ganin akuyar kowa. Halittar Allah yake kallo, kuma saman ba na gidan wani ba ne."

Washegari da safe ta kira ni. Muka gaisa, ba ta ce uffan a kan maganar ba. Har za mu yi sallama ta ce, "An ce garin naku da sanyi. In za ka hau, ka dinga sa riga mai kauri."