Layin da Na Ƙi Rubutawa

Layi ɗaya tak ya raba ni da aikina, kuma ko yau aka maida ni wannan biro, wato ofishin, ba zan rubuta shi ba.

Shekarar da na dawo Dogon Dutsi daga karatun informatik, wato ilimin kwamfuta, a Yamai, wani proje, shirin tallafa wa masu kiwo, ya ɗauke ni aiki. Wata ƴar na'ura za mu yi, ba ta fi tafin hannu ba, mai caji da hasken rana. Makiyayi ya auna ƙirjin dabba da tef na awo, ya danna lambar, na'ura ta nuna mashi ƙwaya nawa ta maganin tsutsa zai ba ta. In ka rage, tsutsa ta yi maka dariya. In ka ƙara, ɗan akuya ya kwanta bai tashi ba. Ni ce mai rubuta abin da ke cikinta.

Wanda na fara kai wa labari shi ne kawuna, ƙanen innata, wanda ke noma da kiwo a wajen Sukukutane. Na iske shi yana ginin rumbu, ya aza laka zagaye ɗaya ya koma inuwa ya zauna. Na ce, "Kawu, ga laka ga ruwa, mi kuke jira?" Ya ce ta ƙasa ba ta bushe ba, ba a aza mata wata. Da na gama zuba mashi bayani, sai ya yi dariya.

"Ɗiyata, ku ƴan proje na san ku. Kun kawo muna famfo. Ranar da motarku tat tahi, shi ma ya bi ta."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "Wanga ba shi mutuwa, Kawu. Ko bayan shekaru magani ya sake, duk wanda ya iya aikin zai buɗe shi ya gyara. Ni na faɗa maku."

"To, na ji," in ji shi.

Akwai wata manhaja da muke kira kompilata. Ita ke karɓar abin da mutum ya rubuta ta juya shi ya zama abin da na'ura ke ganewa. Wannan juyin muke ce wa gini. Na so a lissafa jadawalin maganin gaba ɗaya lokacin gini, a kan teburina, a zuba shi cikin na'ura a shirye. Dalilina shi ne, in wani layi ya wuce ƙima, kompilata ta ƙi ginawa, kuskure ya tsaya a biro, kada ya isa daji.

Saura kwana biyu baƙi su zo daga Yamai su ga aikin, sai kompilata ta tsaya mani a ƙofa. Wani ɗan guntun lissafi nake kira cikin rubutuna, na masu yaren kwamfutar da muke rubutu da shi ne, wanda ke daidaita lamba ta koma ƙwaya ɗaya ko rabi. Na yi shekaru ina amfani da shi. Amma ta rubuto mani da jan rubutu cewa ba a tabbatar da shi ba ga aikin lokacin gini.

Kai! Na buga tebur har kofin shayina ya kife. Na ce, ke wace irin mai taurin kai ce? Jiya kin yarda da shi, yau kin ce ba ki san shi ba?

Da na huce na karanta, sai na ga tana da hujja. Hatimi biyu ne. Na farko na cewa ana iya kiran abu lokacin da na'ura ke aiki, kuma wannan yana da shi. Na biyu na cewa ana iya kiran shi lokacin gini, kuma masu yaren ba su buga mashi shi ba tukuna, don ba su gama shawara ba: suna iya sake mashi hali, suna iya janye shi. Dokar kuma tana bin sarƙa. Abin da aka yi alkawarin zai tsaya ba shi da izinin jingina da wanda ba a yi wa alkawari ba, ko da hawa uku ne a ƙasa. Ko masu yaren da kansu, in suka manta, haka take tare su.

Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, ya shigo ya iske ni ina goge shayi. Mutum ne mai kirki in abubuwa na tafiya. Ya ɗan taɓa aikin a da, don haka ya san hanyar baya: akwai kompilata ta gwaji, wadda ake sabuntawa kullum. Ka ɗauko ta, ka rubuta layi ɗaya a sama cewa ka yarda da abin da ba a tabbatar ba, sai ƙofa ta buɗe.

"Madam, minti biyu ne," ya ce. "Sa layin mu wuce."

"Ba na sa shi, Shef."

"Lissafin ba daidai ba ne?"

"Yau daidai ne. Amma in sun sake shi baɗi, wanda zai gyara na'urar ya zo ya gina, ta ƙi ginuwa, wa zai kira? Ku kuna Yamai, ni ban san inda nake ba."

"Baɗi ba matsalarmu ba ce. Jibi ce matsalarmu."

Nan zuciyata ta tashi. Na ce, "Famfon Sukukutane ma haka aka ce mashi." Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ban faɗe ta don ya ji daɗi ba.

Hanyar da ta rage ita ce in sake rubuta lissafin da hannuna, da cikakkun lambobi waɗanda kompilata ta yarda da su, sannan in zauna da likitan dabbobinmu mu bi jadawalin layi layi da takardarsa. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Muka gama awaki da tumaki, shanu da raƙuma suka rage.

Ranar nuni a Kore Mairuwa, wani dattijo ya jawo bijiminsa gaban baƙi. Aka auna, aka danna, na'ura ta ce ba ta san shanu ba tukuna. Wallahi na ji kunya har tafin ƙafata. Jama'a suka yi dariya, Shef bai dube ni ba har muka koma gida. Na ƙarasa shanu da raƙuma a sauran kwanakin kwantiragina, aka raba na'urori, ba a sabunta mani takarda ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ban je ba da haƙuri ba.

Na kama shagon buga takardu kusa da tasha. Proje ya ƙare, motoci suka tafi.

Wani hantsi, shekaru bayan haka, sai ga Kawu ya sauko daga bayan babur, ƙafafunsa duk rairayi. Ya kwance wani ƙyalle ya ajiye na'urar a kan injin fotokopi. Maganin da suka saba ya ɓace a kasuwa, wanda ya shigo ya fi shi ƙarfi, likitan dabbobi ya rubuto mashi sabon ma'auni a takarda.

"Kin ce ba shi mutuwa," ya ce.

Na jona na'urar da kwamfuta. Tsohuwar kwamfutata ta lalace tuni, wadda ke gabana sabuwar kompilata ce a cikinta, ba ta taɓa ganin aikin ba. Na ɗauko rubutun inda na adana shi, na sauya lambobin, na danna gini. Kawu ya jawo kujera yana kallon baƙin allo kamar ya san abin da ke gudana. Ta gina, ba jan rubutu ko ɗaya. Na zuba sabon jadawalin cikin na'urar.

Son sani ya sa na duba ɗan guntun lissafin nan. Ashe sun buga mashi hatimi na biyu, ba su sake mashi komai ba. Da na sa layin Shef, da lafiya lau zai yi aiki, da wataƙila ina Yamai cikin biro mai sanyi. Na faɗa wa Kawu duka, da baƙin layin, da bijimin, da aikin da na rasa a banza.

Ya naɗe na'urar cikin ƙyallenta. Sai ya ce, "Ranar da yac ce ki aza, lakar ƙasa ta bushe?"

"A'a, Kawu. Ba ta bushe ba."

"To mi kike ma kuka?"

Ya sa ta a aljihu, ya ce in kira mashi mai babur, awakinsa ba su sha ruwa ba.