Shafin Mai Turare

Abdul-Samed ɗan Zongon Kumasi ne, gyaran waya ya kawo shi Doha, a wani shago a unguwar Mesaimeer. Idan babu kwastoma, sai ya buɗe bidiyo yana koyon PHP, yaren da ake gina shafukan intanet da shi. Sauƙinsa ya ja shi: ka rubuta ɗan abu, ka buɗe shafi, ga aikinka ya fito. Yakan ba abokai labarin asalin PHP, cewa wani mutum ne ya haɗa shi don ya san masu leƙa shafinsa, bai yi nufin ƙirƙirar yare ba, jama'a suka yi ta ƙara masa abubuwa.

Shafinsa na farko na wani mai turare ne a kasuwar Souq Waqif. Oda ta fara shigowa har daga Oman, maƙwabtan mai turaren ma suka nemi nasu.

Absalom, mutumin Jos, ma'aikacin kwamfuta da suke haya a gida ɗaya, ya duba aikin wata rana.

"Ɗan'uwa, duk abin da aka rubuta a wurin binciken kaya na shafin nan, kai tsaye yake shiga inda ka ajiye bayanan mutane. PHP ba zai hana ka ba, matsalarsa ke nan. Zo mu gyara ranar Juma'a."

"Yana aiki ko ba ya aiki?"

"Yana aiki."

"To, khalas, shi ke nan."

Juma'a ta zo, Abdul-Samed ya tafi ƙwallo.

Bayan wasu watanni ɓarayi suka shiga ta wurin binciken, suka kwashe lambobin kwastomomi, suka riƙa kiransu da sunan shagon suna damfararsu. Mai turaren bai ɗaga murya ba. Ya zuba wa Abdul-Samed shayi, ya karɓi kalmar sirrin shafin, ya raka shi bakin ƙofa. Maƙwabtan suka janye ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin Absalom ya riga ya gama kwantiraginsa ya koma Jos. Abdul-Samed ya zauna shi kaɗai ya koyi gyaran, ya tarar bai taka kara ya karya ba. Ya sake gina shafin daga tushe, ya toshe ko'ina, amma bai iya komawa ya nuna wa mai turaren ba.

Har yanzu yana gyaran waya. Ran nan matarsa Mansuratu ta ce ya sayo mata turare a kasuwar. Ya ce na kantin unguwa ma yana da kyau.