Yadda Na Kai Bidiyon Kamu Majalisa

Akwai wata Laraba da har gobe ba ta bar raina ba, ranar da abokina Sanusi mai shagon buga takardu ya tarbe ni a Ƙofar Marusa yana dariya tun kafin mu gaisa. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, ku da kuka zo shagon nan daga baya, don ku san abin da ya sa ake kirana Injiniya ana murmushi.

A lokacin mu uku ne a wannan shago namu na ɗaukar bidiyon biki a Ƙofar Kwaya. Alhaji mai shago shi ke karɓar aiki. Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna wadda ta riga ni shiga sana'ar da shekaru, ita ke ɗaukar taron mata, ita ke tace shi. Ni kuma nawa kula da kwamfutoci da intanet. Babu wanda ya naɗa ni injiniya. Ni da kaina na sa aka buga mini a kati, har da layi a ƙarƙashi.

Ga wanda bai san aikin ba, gidaje da yawa a cikin gari ba su yarda namiji ya ɗauki kamu ko wunin biki ba, domin a nan ne mata ke ajiye mayafi su taka rawa a tsakaninsu. Mace ke ɗauka, mace ke tacewa, mace ke miƙa wa uwar gida hannu da hannu. Shi ya sa ɗakin Madam ke da labule, in tana ciki ko Alhaji sai ya tsaya waje ya yi gyaran murya. Da wannan riƙon amana ta samu shiga gidajen da ni ko zaurensu ban taɓa wucewa ba.

To, sai wata dattijuwa, Hajiya Murja, ta aurar da autarta. 'Ya'yanta mata uku ba su samu zuwa ba: ɗaya tana aure a Jidda, ɗaya tana karatu a Alƙahira, ɗaya tana jego a Legas. Bayan biki Hajiya ta zo shago da kanta. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da amarya da mutanen gida, sannan ta dubi Madam.

"Rifkatu, ke na sani, ke na ba. Ɗiyan nan nawa ukku kaɗai za su gani. Ko mazansu ban lamunta ba."

"In Allah ya yarda, Hajiya, ba idon da zai gani bayan nasu," in ji Madam.

Matsalar ita ce fayil ɗin ya yi nauyi ƙwarai, Hajiya kuma ta ce kada a rage ko minti ɗaya. Duk lokacin da muka fara turawa sai sabis ya ɗauke a koma farko. Nan na gyara zama na ce a bar mini. Na kawo shawarar toren, wato hanyar da kwamfuta ke ba kwamfuta kai tsaye. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, wanda ya samu yanki sai ya riƙa ba sauran, in an yanke kuma a ci gaba daga inda aka tsaya. Illarta ɗaya, duk wanda ke cikin rabon yana ganin adireshin intanet na kowa, kamfanin da ke ba ka sabis ma yana ganin inda kake aikawa. Maganin wannan shi ne VPN, manhajar da ke lulluɓe hanyar da saƙonka ke bi, ta kuma ɓoye adireshinka.

Sati biyu na yi ina zaɓen VPN, kamar mai neman auren 'yar mutane. Na samo kwali na ja layuka na manna a bango. Wanda ke ajiye tarihin inda mutum ya shiga, na soke shi. Wanda bai yarda a yi toren ta cikinsa ba, na soke shi. Na kyauta kuwa ko kallonsu ban yi ba, na ce wanda bai karɓi komai a hannunka ba, sirrinka yake sayarwa. Na dage sai wanda in ya katse zai datse intanet ɗin gaba ɗaya, kada adireshinmu ya leƙo ko na daƙiƙa. Har ƙasar da kamfanin yake sai da na bincika. Kuma gaskiya zaɓen ya yi kyau, har yau da shi muke aiki. Da yamma in na je majalisarmu, ba a shan shayi lafiya sai na yi musu lacca a kan masu leƙen asirin duniya, su da suka zo hirar ƙwallo.

Madam ta ba ni fayil ɗin ranar Litinin, tana cewa, "Malam Kabiru, ka dai san abin da ke ciki." Na ce mata ko ni ba zan buɗe ba, kuma ban buɗe ba. Da wannan na riƙa yabon kaina daga baya, don shi kaɗai ya rage mini.

Aka fara rabo, amma abin na tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Wuta ta ɗauke, janareto ya yi gardama, ga shi da Magariba muke rufe shago. Ta Jidda sai bugo waya take. Sai dabara ta faɗo mini, irin wadda ba ta zuwa wa kowa sai masu kati. A toren, in masu riƙe da fayil sun yi yawa, rabo ya fi sauri. Sanusi yana da sola da sabis mai ƙarfi, haka ma wasu abokanmu biyu na majalisa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa musu VPN ɗin da hannuna, na sa su cikin rabon, na ce su bar kwamfutocinsu a kunne kawai. A raina na ɗauka tunda komai ta cikin VPN yake bi, to a kulle yake isa wurinsu. Sati biyu ina karatu, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wannan ba.

Ranar Laraba da hantsi na je wurin Sanusi in ga ko an gama. Yana hango ni ya fara dariya.

"Injiniya! An kammala tun jiya. Kai, ashe Hajiya Murja ta iya taka rawa haka? Ba ka hwaɗa mani ba ai."

Na ce, "Mi ka gani?"

"Mi kuwa? Na danna in ga ko ya sauka daidai, sai ga kamu. Minti biyu na kalla, wallahi, na rufe."

Ban san yadda na koma Ƙofar Kwaya ba. Na tsaya bakin labule na yi gyaran murya har sau uku kafin bakina ya buɗe. Madam ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Malam Kabiru, wannan abin naka mota ce mai baƙin gilashi. 'Yan hanya ba su ga kayan ba. Amma kai ka tuƙa ta ka sauke a ƙofar maza uku."

Na fara cewa ai za a iya gogewa ba tare da kowa ya ji ba. Ta ce, "Ka je ka goge. In ka dawo, gidan Hajiya za mu. Ni na yi mata alkawari, ba kai ba." Ni abin da na jefa cikin haɗari kati ne, ita kuwa sunan da ta yi shekaru tana ginawa a garin da ba nata ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na zaga gari a kan babur cikin rana na goge fayil ɗin a wurare ukun. Sauran biyun sun rantse ba su buɗe ba. Sanusi kuwa, da ya ga fuskata, dariyar ta tsaya, ya yi alkawarin ba zai sake tada maganar ba. Iyakar sanina ya cika.

Bayan La'asar muka je. Madam ta shiga ciki, ni na tsaya a zaure. Can Hajiya ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kowace gaisuwa ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan na faɗi komai, na ce laifin nawa ne ni kaɗai, Madam ba ta san an yi ba. Don tsabar ruɗewa har na fara yi mata bayanin cewa a hanya dai babu wanda ya gani.

"Su wa ke kan hanyar?" ta tambaya.

"Mutanen ƙasashen waje, Hajiya. Masu leƙen asiri."

"Sun san ni?"

"A'a."

"To shi Sanusin, ba ɗan wajen Malam Iro ba ne? Ni na yi mashi wankan jariri. Ka ɓoye ni ga waɗanda ba su san ni ba, ɗana, ka kai ni ga wanda zai gaishe ni gobe a hanya."

Ta ce ta yafe, tunda mun zo da ƙafarmu. Ba ta raba Madam da aikin gidanta ba, amma ta kafa sharaɗi: daga ranar, bidiyon matan gidanta ba zai ƙara kwana a shago ba. A cikin gida za a tace, a cikin gida za a tura. Maƙwabtanta suka ji tsarin ya yi musu, su ma suka ɗauka, ba tare da sun san mafarinsa ba.

Shi ya sa kuke ganin Madam na fita da kwamfuta a napep duk bayan biki. Ita ta koyi sa wa fayil lambar sirri kafin a tura, ita ke kunna VPN ɗin da na yi sati biyu ina zaɓe. Abin da na koya a aikin nan shi ne, kafin ka tambayi wa zai iya leƙen hanya, fara tambayar hannun wa ka miƙa kayan. Mutanenmu ba baƙon da ke nesa suke jin kunya ba, na kusa ne.

Ni ma ban rasa muƙami a sabon tsarin ba. Ni ke ɗaukar wa Madam kwamfutar daga napep zuwa zaure. Nan nake ajiyewa, in zauna a kan benci da katina a aljihu, har ta fito.