Malam a Rumfar Kaset

A kasuwar Suk al-Shabi, gaban rumfar mai kaset, wani dattijo yana tsaye da farar jallabiya da rawani, yana jan carbi. Da ganinsa, irin malaman nan ne da ke sauya hanya in ana kiɗa a unguwa.

Ƙasa-ƙasa yake magana: "Yarinyar gidanmu ce ta haihu a unguwar Umbadda. Abincin jaririn bai zo ba, kuka kawai yake. An sha kunun hulba har an gaji. Ungozoma ta ce a sa mata kiɗa mai sanyi, in hankalinta ya kwanta zai zo."

"Nono ke nan, ya Shehu?" in ji mai kaset da ƙarfi.

Dattijo ya dubi sama, kamar ba da shi ake ba.

Ana ta sauya masa kaset, fuska a murtuke, yana istigfari. Da aka zo kan wani goge irin na kakanni, sai babban yatsan ƙafarsa ya fara ɗagawa a kan silifa, yana bin kiɗan. Ya kalle shi, ya sa ɗaya ƙafar ya danne.

"Naɗe mini wannan," ya ce. "Tunda ya iya da ni, zai iya da ita."