Yadda Aka Daka Kawu Ado ta Waya

In ka hau benenmu na International City, a nan ƙasar Larabawa, hawa na uku, ƙofar da ke kallon tawa ta Nuriyya ce. Ni ce Magret, Maman Fortune, mai kitso. Kan Nuriyya ya fi shekara huɗu yana zuwa tsakanin gwiwoyina, don haka abin da zan faɗa ba a bakin lifta na tsince shi ba.

'Yar Gwammaja ce ta Kano, siririya, mai gilashi, tafiyarta kamar an biyo ta. Ta karanta kwamfuta a gida, ta yi shekara biyu tana gyaran waya a rumfar wani, ita kaɗai mace cikin maza, har wani ƙaramin kamfani da ke unguwar Al Khabaisi a nan ya ɗauko ta. Shida da rabi na safe tana bakin titi tana jiran bas. Ranar da na fara yi mata kitso na tambaye ta aikin me take yi a can.

"Kulle murya, Anti," in ji ta. "In kin yi magana, wayar ta yayyanka muryarki ƙanana, ta mai da ita lambobi, ta cakuɗe su da makulli. Wayar wanda kika kira ce kaɗai za ta warware. Wanda ya tare a hanya, shara ya tara."

"To ke mece ce a ciki?"

"Ni ake sawa a tsakiya in yi ƙoƙarin jin hirar. In na ji, a koma a gyara."

Na ce ashe sana'armu ɗaya, ni dai ba a ba ni albashi.

Mahaifiyarta, Hajiya Ummi Kulsum, mai haɗa turaren wuta ce. Haɗin gidansu ya taso tun daga kakar kakarta, kuma ba a rubuta shi, uwa ce ke faɗa wa 'ya, baki da kunne. Nuriyya kaɗai ce mace, sai ƙaninta Kamal. Shekara da shekaru Hajiya na cewa ta zo ta zauna a koya mata, ita kuwa hankalinta na cikin wayoyin mutane. Kullum sai ta ce in ta zo hutu.

Sai bara likita ya ce za a yi wa Hajiya aikin zuciya bayan sati biyar. Fasfon Nuriyya yana wurin sabuntawa, ba zai fito ba sai bayan aikin. Hajiya ta faɗa mata kai tsaye: in ba ta farka ba, haɗin ya bi ta.

"Umma, to ki faɗa min a waya mana."

"A waya? Allah ya kiyaye."

Tana da dalilinta. Zamanin tarho mai igiya ta taɓa ɗaga kan waya za ta kira yayarta, sai ta faɗa cikin hirar wasu mutum biyu suna ƙulla auren 'ya'yansu. Ta saurara har suka gama, ta san sadakin kafin amarya ta sani. Tun ranar ba ta faɗin komai a waya sai gaisuwa da lafiyar kaji.

Nuriyya ta yi mata bayanin makullin nan tiryan-tiryan, har da cewa kowane kira da nasa sabo. Hajiya ta ce, "Wa ya ƙera makullin? Kin taɓa ganin maƙerin da ba zai iya buɗe kwaɗonsa ba?"

Abin ya ci Nuriyya. Manyan 'yan kasuwa na amincewa da aikinta, amma uwarta ta ƙi. Ta nemi izini a ofis, ta kira kanta da wayoyin gwaji biyu, ta tare kiran a tsakiya, ta naɗo abin da mai tarewa zai ji. Ta kunna min. Wani shuuu ne kawai, kamar an tsoma kifi a mai. Ta tura wa Kamal ya kunna wa Hajiya, tana ta murna.

Hajiya ta saurara ta ce, "Ashe dai ana tarewa. Ke da kike 'yata kin tare, ina ga wanda ya fi ki wayo?"

Sati ɗaya ya tafi a haka. Nuriyya ta rame, gilashin ma ya yi mata yawa. Wata Asabar da hantsi ta shigo kitso da 'yar kwalbar turaren uwarta, saura kaɗan a gindi. Ta sa a kasko don ta ji sanyi a ranta. Hayaƙi na tashi ta lumshe ido ta ce, ba da ni take ba, "Ga Ado nan. Ga Sanda a bayansa."

Na waiga ƙofa. "Su waye kuma? Samari kike tara mana a bene?"

Ta buɗe ido ta zuba min su. Sai ta miƙe da rabin kai a tsefe ta yi filat ɗinta a guje.

Daga baya ta ba ni labari. A ɗakin Hajiya babu gwangwani ko kwalba mai rubutu. Kowane mazubi ana kiransa da sunan wanda ya kawo shi gidan. Ado shi ne gwangwanin da kawunta Ado ya kawo dabino a ciki daga Makka. Sanda kwalbar zuma ce da Sanda direba ya bari. Tun tana shekara biyar ake aiken ta, ɗauko min Ado, mai da Sanda, tana buɗewa tana shinshinawa. Kamal bai taɓa shiga harkar ba. Makullin da take ta neman ta ba uwarta, ashe uwar ta riga ta ba ta shi tun ba ta san ana bayarwa ba.

Ta kira gida. "Umma, kada ki faɗi sunan komai. Ki ba ni labarin dangi kawai. Kuma zan kawo miki mai tarewa ta zauna a gabana. Duk benen nan babu mai kunnenta. In ta gane ko abu ɗaya, mu fasa."

Ranar Lahadi na dawo daga coci, ko ɗankwali ban cire ba ta jawo ni. Huɗu na yamma a nan, ɗaya na rana a Kano. Aka kori Kamal waje. Aka buɗe muryar wayar.

"Ke ce mai kunnen?" in ji Hajiya.

"Ni ce, Mama. Tun a Kafanchan aka san ni."

"To buɗe shi da kyau. Ke kuma 'yar nan, in na ji ƙarar biro, na kashe."

Sai ta fara. "Ki daka Ado, tafi uku, amma kada ya yi laushi. Sanda ki jiƙa shi kwana uku, kullum ki juya shi da safe. Inna Kamila ba ta son wuta, sai kin sauke za ki kawo ta." Haka ta yi ta jero mutane har tara, wannan a soya shi, wancan a shanya shi a inuwa. "Ɗalhatu ne ƙarshe. Ɗan tsunkule. Ba shi da kunya, in ya samu wuri sai ya danne kowa."

Nuriyya ta maimaita sau uku, ido rufe, tana ƙirgawa da yatsu. Sannan Hajiya ta ce, "Mai kunne, me kika gane?"

"Mama, na gane danginku na shan wuya a hannunki."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Khalas, shi ke nan," in ji Nuriyya, ita ma tana share hawaye.

Amma da aka kashe wayar sai ta yi tagumi. Takwas ta san su da sunansu na kasuwa. Ɗalhatu ne matsalar. Ta tuna ɗan baƙin gwangwanin, ta tuna ƙamshin, amma ba ta taɓa jin sunan abin da ke ciki ba. Kuma ba halin tambaya, don Hajiya ba za ta faɗa a waya ba ko za a yanka ta, ga shi kuwa yankan za a yi.

Sai ta koma bin kasuwar kayan ƙamshi ta Deira. Tana tashi daga ofis ta wuce can, shago bayan shago, buhu bayan buhu, tana sa hanci. Masu shagunan har sun gane ta. Wani ya ce, "Habibti, saye kika zo ko hancinki kika kawo yawo?" Kwana shida tana yi. Ran na bakwai na raka ta, cikin zafin da ke narkar da takalmi, ina ta mita. A can ƙuryar shagon wani tsoho ta ɗaga murfin wata tukunya, sai ta tsaya cak. Na miƙa wuya in gani, ta rufe, ta ce in je in sayo mana ruwa. Da na dawo ta sayi abu shida, biyar don ta ɓatar da ni ne. Yarinyar da nake wa kitso kyauta in wata ya yi nisa!

Ta haɗa a kicin ɗinta, ta rufe ƙofa, ta toshe ƙasanta da tawul. Na gwada ramin makulli, ta manna masa cingam. Alhaji Mu'awiya na hawa na biyu, mai lodin kaya zuwa Kano, shi ya tafi da 'yar kwalbar a aljihun jakarsa, saura kwana huɗu aikin.

Washegari da azahar wayar ta yi ƙara, ina ɗakin. Muka ji Hajiya na cewa Kamal ya kawo garwashi ya fita. Muka zauna jira. Jiran ya yi tsawo, har Nuriyya ta duba ko kiran ya yanke. Ta kama hannuna ta matse kamar za ta karya.

"Ɗalhatu ya iso lafiya," in ji Hajiya. "Shi ne. Amma kin sake masa fuska, 'yar nan. Ki rage." Ta ja numfashi. "Yanzu su zo su yi aikinsu."

An yi aikin, ta farka, tana nan tana faɗa da Kamal a kan gishiri. Har yau ba ta yarda da makullin kamfani ba. Nuriyya kuwa tana nan tana kama bas ɗinta na shida da rabi, an ma ƙara mata girma a ofis. Ranar Juma'a in ta sa turare, Larabawa da 'yan Sin na benenmu sai su riƙa rage tafiya a bakin ƙofarta. Ni ko in fito in tsaya kamar ni na haɗa.

Kwanan baya na leƙa kicin ɗinta na ga kwalaben jere, babu mai rubutu. Cikinsu har da kwalbar man kitson da na ba ta.

"Wannan fa?"

"Magret ke nan."

"Me ke ciki?"

"Wanda ke bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga filat ɗin kowa," in ji ta, ta ɗauke ta mai da sama inda hannuna ba ya kaiwa.