Kabarin da Na Nuna wa Ƙanena

Na nuna wa ƙanena kabarin da ba na mahaifiyarmu ba, na ce masa shi ne.

A Jidda aka haife mu. Iyayenmu da ƙafa suka zo daga ƙasar Kano, suka yi Hajji, ba su koma ba. Da Baba ya rasu, Inna ta haɗa ƙanena da wasu alhazai, ta ce su kai shi wurin kawunmu a Kano. Ni aka bari, don na riga na fara sayar da ruwa, garwa biyu a sanda, ina hawa benayen unguwar Balad da su. Shi can aka sa shi boko. Ya zama lauya, daga baya aka zaɓe shi ɗan majalisa a Ikko. A bakin alhazai muke jin labarinsa. Inna ta rasu ba ta sake ganinsa ba.

Bayan shekaru ya zo Hajji ta jirgin sama. Ya same ni a unguwar Sharafiyya, a ɗakina na langa-langa. Ko shayi bai gama sha ba ya ce, "Yaya, kai ni wurin Inna."

A nan ba a rubuta suna a kabari. Dutse ne a kai, dutse a ƙafa, kuma in an daɗe sai a sake binne wani a wurin. Ni kaina na daina gane nata tun shekarar da aka yi ruwa mai yawa. Amma mutumin ya taso daga nesa saboda wannan. Muka shiga maƙabarta da hantsi, na zaɓi ɗaya kusa da katanga, na ce, "Ga ta."

Bai ɗaga hannu don addu'a ba. Ya dube ni.

"Ta wace ƙofa kuka shigo da ita?"

"Ta gabas."

"Ɗazu a hanya ka ce rana na bayanku, kuma bayan La'asar aka yi jana'iza. In ta gabas kuka shigo, ai rana na gabanku."

"Kai, lauya, ni ba a kotu nake ba."

"Na sani, Yaya. Ko a kotu ban taɓa ganin wanda bai iya ƙarya kamarka ba."

Na ce, "Halas, shi ke nan. Ban san inda take ba. Tana cikin nan dai. Ni na sa ta a rami da hannuna, kai kana can kana surutu."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya tambaya ko akwai takarda a wani ofis. Na ce mutanen da suka rayu ba takarda, wa zai yi musu ta mutuwa? Daga nan ya cire takalmi, ya fara daga layin farko, yana tsayawa a kan kowane kabari yana addu'a. Ƙasa ta yi zafi. Na ce ya isa, ya ce sai ya tabbata ya tsaya a kanta. Na bi shi har muka kai ƙarshe, ana kiran Azahar.

Da sojoji suka rushe majalisa ya koma aikin lauya. Ya aiko sau biyu in je, ban je ba. Yanzu yana Kano, idanunsa sun yi rauni, an ce ya daina shiga kotu. Ni ina nan Jidda, a unguwar Waziriyya, ina gadin wani sito.