Anti Tsunguli Ba Ta Son Shiru

Mahaifiyata nas ce a ɗakin jarirai. A asibiti Anti Tsunguli suke ce mata, don in jariri ya cika barci sai ta tsungule shi ko ta ɗalli tafin ƙafarsa. Masu jego su yi ta harararta, ita ko a jikinta. Takan ce, "Mai tsala ihu ba ya ba ni tsoro. Wanda ya yi lamo ya ƙi nono, shi nake tsoro."

A gida dariya muke mata. Ko kyanwa ce ta daɗe a kwance sai Mama ta taɓa ta.

Da na haihu, ɗana ya yi kwanaki yana hana mu sakat, sai wata safiya ya yi shiru. 'Yan barka suka yi ta yabon haƙurinsa. Ni kuwa, sakarya, har daɗi na ji.

Da rana Mama ta taso daga aiki, ta tsaya bakin ƙofa ta kasa kunne.

"Yaushe rabonsa da nono?"

"Tun safe, Mama. Yana kamawa sai ya saki."

Ta ɗalli ƙafarsa, baki kawai ya motsa. Ta duba cibiyar, ta ga ta yi ja. Ta zuba wa ƙirjinsa ido, yana lotsawa da kowane numfashi. Sai na ga ta kasa mayar da maɓallin rigarsa.

"Ai jikinsa ba zafi, Mama."

"Sanyin nan ya fi zafi muni. Ina tsoron cuta ta shiga jininsa. Tashi."

A mota cikin rigarta ta cusa shi, tana ta ɗallinsa. Muna isa abokan aikinta suka miƙo mata allura, don duk ɗakin ba mai samun jijiyar jariri kamarta. Ta girgiza kai.

"Wannan nawa ne. Ba zan iya ba."

Ta juya ta fuskanci bango. Aka soka wa yaron allurar, shiru. Aka sake sokawa, sai wani ɗan siririn kuka ya fito. Mama ta sulale ta zauna a ƙasa da farin kayanta.

Ya rayu, har ya shiga makaranta. Amma har yau in barcinsa ya yi nauyi, mijina kan riƙe min hannu, don ya san ƙafar yaron zan ɗalla.